Na'ura ta ce gita ta saitu, kunne ya ce a'a

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina kaɗa gitar lantarki a situdiyo. Na'urar saiti takan nuna tsirkiyoyin nan shida sun zauna daidai, amma da na danna can tsakiyar wuya sai sautin ya ƙi jituwa da fiyano. Ina gizo ke saƙa? Daga mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, abin da ka saita tsirkiya ce a sake, wato ba tare da an danna ta ba, ba ka duba tsawonta ba. Ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke gicciye a wuyan gita shi ne kusan tsakiyar tsirkiya, don haka dole ya ba da sautin da ta bayar a sake, sai dai ya fi siranta.

Fara da sa sababbin tsirkiyoyi, domin tsohuwa mai tsatsa ba ta faɗin gaskiya. Ja kowacce a hankali da yatsa, ka sake ɗaurewa, har ta daina saki. Tabbatar na'urarka da fiyanon duk suna kan A 440, ma'aunin sautin da aka saba saita kayan kiɗa da shi. Sai ka rungumi gitar yadda kake kaɗa ta, kada ka kwantar da ita a tebur, ka saita tsirkiya a sake, sannan ka danna ƙarfe na 12. Idan allurar na'urar ta haura sama, tsirkiyar ta yi gajarta: juya sukurun jakinta, wato ɗan ƙarfen da take hawa a jikin gitar, ya ja baya, nesa da wuya. Idan ta yi ƙasa, matso da jakin gaba. Rubu'in juyi ya isa a kowane karo, kuma ka sake saita tsirkiyar kafin ka gwada. Amma idan wuyan ya lanƙwashe, ko tsirkiya ta yi nisa da ƙarafa, a fara gyara wannan, in ba haka ba aikin banza ne.

Ka lura da hannunka ma. Matsa tsirkiya da ƙarfi yana ɗaga sauti, duka mai ƙarfi ma haka. Saita da irin dukan da waƙar ke bukata.

Tambaya: Me ya sa saiti ke gocewa ana tsakiyar ɗaukar waƙa?

Amsa: Yawanci ka shigo da gitar daga rana ne zuwa ɗaki mai sanyi. Bar ta ta huta kamar rabin awa kafin a fara, musamman lokacin hunturu da katako ke bushewa. Kullum ka taho da tsirkiya daga ƙasa zuwa sama yayin ɗaurewa. In ka zarce, sassauta ka sake hawa. Duba saiti kafin kowace ɗauka, ko da ta minti ɗaya ce.