Filin Tambaya: Ba mu da malamin wasanni, yaya za mu sa yara su motsa jiki kullum?

Tambaya: Ni darakta ne na wata makarantar firamare a unguwar Zariya, nan Maradi. Yara suna wuni a zaune, ajin ma ya cika. Ba mu da malamin wasanni, ƙwallo ɗaya gare mu. Me zan koya wa malamaina?

Amsa: Malam darakta, barka da ƙoƙari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsa jiki a kowace rana, irin wanda ke sa numfashi ya ɗaga. Ba sai an yi shi a lokaci guda ba, don haka malamin aji ma ya isa.

A kai batun taron CAPED, wato taron ƙara wa juna sani na malamai, amma kada a tsaya ga bayani a kan allo. Malamai su fita fili, ɗaya ya jagoranta, sauran su zama ɗalibai. Wanda bai taɓa yin abin da jikinsa ba, kunya za ta hana shi yi a gaban yara.

Abu uku za su koya. Minti 10 na gudu da tafiya bayan ɗaga tuta, tun da sauran sanyi. Minti 3 tsakanin darasi da darasi, a tsaye kusa da benci: tsalle, tsugunno, a haɗa da ƙirgan lissafi da babbar murya. Sai lokacin shan iska, a shirya langa da tsallen igiya.

Inda aka fi kuskure shi ne layi. Yaro 60 da ƙwallo ɗaya, kowa zai taɓa ta sau ɗaya, sauran lokacin yana tsaye yana tsokanar na gabansa. A raba su rukuni 6, kowane da shugabansa, duka su yi wasa lokaci guda. A daina fitar da wanda ya faɗi daga wasa, domin mai rauni ne ke fara fita, alhali shi ya fi buƙata. 'Yan matan CM1 da CM2, wato aji biyar da shida, sun fi sakin jiki idan malama ce a gabansu. Kuma kada a mayar da gudu hukunci, yaro zai tsane shi.

A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, to a gama kafin ƙarfe 9, randa cike da ruwa. Ranar da hazo ya yi kauri a koma cikin aji. A share fili saboda ƙaya da fasassun kwalabe, a kuma tambayi iyaye tun farkon shekara wane yaro ke da sikila ko asma, don a sassauta masa.