Kaka da jika har sai alƙali ya sa hannu?

'Yar nan, saƙonki ya iso. Da na karanta sai da na murmusa, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai tunda auren yayanki ya mutu, babban yaron yana hannunsa, ƙaramar tana gidan iyayen uwarta, ko mahaifiyarki za ta iya kai ƙara a yanka mata ranakun ganin jikarta, kamar yadda kika ji ana yi a Amurka? Ikon Allah. Ashe mun kai nan.

Tambayi mahaifiyar taki a ina ta fara sanina. Tana goye iyayenmu suka rabu. Innarmu ta yi wani aure a Nguru ta tafi da ita, ni aka bar ni Kano wajen kakarmu ta wajen uba. Shekara huɗu ban sa ta a ido ba.

A 1973, shekarar da aka daina fam da sule aka kawo naira, tsohuwar ta ƙulla goro da alkaki a ɗankwali ta ce in shirya. Babanmu ya ce ina za ta shiga gidan mijin wata? Ko kallonsa ba ta yi ba, ta ce, “Kai ka saki uwarta, ni ban saki jikata ba.” Muka hau jirgin ƙasa, ta Ringim, ta Malam Madori, ƙura ta cika mana kai, ita kuwa tana ta lissafa kwabbai da tsohon lissafin sule. Da muka yi sallama, mijin innarmu da kansa ya shimfiɗa mata tabarma a zaure, ya aika aka sayo bandar kifi. Mahaifiyarki ta laɓe bayan uwarta tana leƙena kamar baƙuwa. Abin ya ƙona mini rai, na fashe da kuka. Kaka ta jawo ta ta ce, “Zo nan kishiya, gaishe da yayarki.” Ta sa aka zuba mana tuwo a kwano ɗaya, aka kwantar da mu a shimfiɗa ɗaya. Cikin dare na ji ƙafarta a kan cikina. Kwananmu uku, ranar komawa ita ce mai riƙe mini zane.

A hanya kaka take ce mini zumunta a ƙafa take, kuma ɗan'uwa rabin jiki ne, wanda bai san rabin jikinsa ba ta yaya zai tsaya daidai?

Malamin da ya karanta mana Risala, littafin nan na fiƙihu, ya ce reno na uwa ne, in ta yi aure ya koma ga mahaifiyarta, sannan 'yar'uwar uwar. Ke nan yarinyar tana inda ya dace. Abin da ke damuna shi ne ku 'yan yanzu, an yi saki sai a toshe lambar waya, dangi duka su shiga gabar da ba tasu ba. A nuna wa yaro ƙanwarsa a hoton waya a ce ya gan ta. Ya ji ɗuminta? Sun yi faɗa a kan tsokar nama?

Maganar kotu, bari sai na zo. Ki dai gaya wa mahaifiyarki ta sayi goro da sabulu, ta karɓo yaron ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ta biyo ta nan ta ɗauke ni. Ni zan fara yin sallama.