Amsa ga Yaya kan idon autanta da dutse ya sama

Salamu alaikum. Yaya, ki yi haƙuri, sai yanzu na tashi daga aiki na saurari muryarki. Na ji kin ce jiya da yamma yara na harbin tsuntsu da danƙo, dutse ya sami autanki a ido, kuma kina tambaya ko a bari sai Litinin. A'a Yaya, don Allah kar a bari.

Ki kai shi bakin ƙofa inda akwai haske. Rufe masa lafiyayyen idon da tafin hannunki, ba tare da kin danna mai ciwon ba, ki ɗaga yatsu ki ce ya ƙirga. In ya ce dishi-dishi yake gani, ko abu ɗaya ya zama biyu, to magana ta ƙare, asibiti. Sannan ki duba baƙin idon. Jan da ke kan farin ido kaɗai, in gani lafiya kuma babu zafi, yawanci yakan washe da kansa cikin mako biyu. Wanda ke tayar min da hankali shi ne jinin da ya kwanta a ƙasan baƙin idon, kamar ruwa a gindin kofi. Wannan jinin a cikin ido yake, yana iya hawar da matsin ido, kuma yakan sake ɓallewa cikin kwana 3 zuwa 5. Kin san kuma akwai sikila a danginmu, ko AS ne yaro, wato mai ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ciwon ba, abin ya fi haɗari, ki gaya wa likita tun kafin ya tambaya. Haka in ɗan idon, wato ɗigon da ke tsakiyar baƙin ido, ya karkace ba zagaye yake ba, ko yaron na amai.

Maganar maƙwabciyarki ta a ɗiga nono, wallahi kar ki yarda. Ba nono, ba ruwan albasa, ba kwalli, ba maganin ɗigawa na kemis. Na ga idon da ƙaramin rauni ne, abin da aka zuba masa a gida shi ya kashe shi. Ki yanke gindin kofin roba mai tsabta ki kifa a kan idon, ki manne da filasta, kar ya murza. Farasitamol kawai, banda asfirin. Ki dakata da ba shi abinci ko za a shiga da shi tiyata.

Af, 'yan gida masu saurare, idon da ruwan batir ko siminti ya shiga daban ne. Shi wannan wankewa ake fara yi nan take, ruwa mai tsabta ko fiya wata, a yi ta kwarara aƙalla minti 20, sannan a tafi.

Yaya, sashen gaggawa na asibitin Malam Aminu Kano ba ya rufewa ko ranar Asabar. Yaron ya zauna cikin mota kansa a sama, kar ya kwanta. In kun kama hanya ki kira ni.