Amsa kan tambayar jiragen yaƙi da fararen hula a Yaman

Ɗan'uwa, ka tambaya ta yaya jiragen da ake cewa ba sa kuskuren saiti suke ta kashe fararen hula. To, bam ɗin yakan faɗa daidai inda aka auna shi. Matsalar tana wajen wanda ya ce a auna can.

Dubi Sana'a, babban birnin Yaman, 8 ga Oktoba 2016. Mutane sun cika wani babban zaure suna ta'aziyyar mahaifin ministan cikin gida na ɓangaren 'yan tawayen Huthi, sai jiragen ƙawancen da Saudiyya ke jagoranta suka jefa bam, suka kuma dawo a lokacin da ake kwashe waɗanda suka jikkata. Mutum 140 ne aƙalla suka rasu. Daga baya ƙawancen ya ce bayanan ƙarya aka ba shi cewa shugabannin Huthi na ciki. Ko da suna ciki, ai ɗaruruwan masu ta'aziyya ma suna ciki.

A Agustan 2018 kuma, a kasuwar Dahyan ta lardin Sa'ada, jirgin ƙawancen ya buge motar 'yan makaranta, yara 40 suka mutu, bam ɗin ƙirar Amurka. Da farko cewa aka yi halastaccen hari ne, sai da duniya ta yi caa aka amsa kuskure.

Su ma Huthi ba tsarkaka ba ne, sun yi ta harba rokoki cikin unguwannin birnin Ta'iz. Amma kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke binciken ɓangarorin biyu, a Oktoban 2021 aka kaɗa ƙuri'a aka ƙi sabunta wa'adinsa.