Tambayoyin Masu Karatu: An Gayyace Ni Cin Abincin Dare a Birnin Rum

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin binciken aikin gona ne a Samaru, Zariya, kuma a wata mai zuwa zan halarci taron mako guda a hedikwatar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ke birnin Rum. Wani abokin aikina ɗan Italiya ya rubuto cewa zai kai ni wani ƙaramin gidan abinci na miji da mata a unguwarsu, ya ce a nan ake samun girki na ainihi. Ba na so in kunyata shi, ba na kuma so in ci abin da addini ya haramta. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya. Irin wurin da abokinka yake nufi sunansa trattoria, kuma ya fi kusa da masu tuwon gida na Tudun Wada fiye da ɗakin cin abinci na babban otal: uwa ko uba na kan murhu, ɗa ko 'ya na kai wa baƙi, girke-girken kaɗan ne, wani lokaci ma da baki za a faɗa maka abin da aka dafa a ranar. Wannan ƙanƙantar ita ce gatanka, domin mai girkin yana nan kusa, ya san abin da ya zuba a tukunyarsa, kuma za a iya tambayarsa.

Shawarata ta farko ita ce ka sanar da abokinka tun kafin ka tashi daga Zariya cewa ba ka cin alade, ba ka kuma shan giya ko cin abin da aka dafa da ita. Kunya irin tamu ta sa mutum ya yi shiru har a ajiye masa kwano ba ta da amfani a nan, domin mayar da abincin da uwargida ta girka da hannunta ya fi ɓata rai a kan faɗin gaskiya tun farko. Idan kun zauna, ka maimaita wa mai kawo abincin da kanka: senza maiale, wato ban da alade, da senza vino, wato ban da giya.

Na dage a kan wannan ne saboda aladen Italiya ba ya zuwa da sunansa. A Rum musamman, uku daga cikin shahararrun taliyoyinsu, carbonara da amatriciana da gricia, ana yin su ne da guanciale, wanda naman kumatun alade ne da aka busar da gishiri. Prosciutto da pancetta da mortadella da salame duk na alade ne, kuma su ne suka fi yawa a farantin buɗe baki da ake fara kawowa. Saltimbocca naman maraƙi ne, amma ana ɗora masa yankan prosciutto. Strutto kitsen alade ne da ke shiga wasu burodi da kayan gashi. Ita ma giya haka take ɓuya: shinkafarsu ta risotto akan zuba mata farar giya tun farkon girki, miyar nama ta ragù kuwa sau da yawa tana ɗauke da giya da alade a haɗe, kuma wasu suna sa barasa a tiramisù, wani kayan zaƙi nasu.

Duk da haka ba za ka kwana da yunwa ba. Cacio e pepe, wadda ita ma ta Rum ce, taliya ce da cukun madarar tumaki da masoro kawai, taliya mai miyar tumatir kuma sunanta al pomodoro. Game da naman rago ko na sa, batun yanka ne zai taso, kuma a ganina kifi ya fi kwantar da hankali. Mutanen Rum suna da tsohuwar al'adar cin kifi ranar Juma'a, suna kuma soya baccalà, wani kifin teku da ake adanawa da gishiri.

Abincin yana zuwa ne daki-daki: abin buɗe baki, sai primo wato taliya ko shinkafa, sai secondo wato nama ko kifi tare da ganye a kwano dabam, sannan kayan zaƙi da ɗan ƙaramin kofin gahawa. Ba dole ba ne ka ci duka. Biyu sun wadatar. Da wuya a buɗe wurin kafin ƙarfe bakwai da rabi na yamma, zaman kuma yakan ɗauki awa biyu, saboda haka ka duba lokacin sallolinka kafin ku fita. Idan ka nemi ruwa za a tambaye ka ko naturale ko frizzante. Na farkon shi ne ruwan da ka sani, na biyun mai gas ne.

A ƙarshen zama maigidan yakan kawo ɗan ƙaramin kofin gilashi na limoncello ko grappa a matsayin kyauta. Dukansu barasa ce, ko da na farkon ya yi kama da ruwan lemo. Ka gode masa da sakin fuska, ka nemi gahawa a madadinsa, ka kuma yaba girkin a gaban mai girkin. Ba a kawo takardar kuɗi sai an nema, kuma akan ƙara 'yan yuro kaɗan na burodi a kan kowane mutum. Tunda abokinka ne ya gayyace ka, shi zai biya. Amma idan kuna da yawa ka ji an ce alla romana, ana nufin a raba kuɗin daidai a tsakaninku, don haka ka riƙe ɗan kuɗi a aljihu.