Tambaya da Amsa: Sashen C ya cika, sashen D kuma da sauran wuri

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Zariya. Na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu, aka ce faifanta gigabait 500 ne, amma da na duba sai na tarar an raba shi biyu: C mai gigabait 100, D kuma mai 365. Yanzu C ya yi ja, duk manhajar da na so sakawa sai a ce babu wuri, alhali D ko rabinsa ban ci ba. Mai gyara ya ce in kwashe takarduna zuwa D, in kawo a yi wa C fomatin, wato a goge duk abin da ke cikinsa, babu abin da zai same su. Shin haka ne? Kuma ina sauran gigabait 35 suka shiga, ko cutata aka yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba a cuce ka ba. Masu ƙera faifai suna lissafin gigabait da dubu-dubu, Windows kuwa tana lissafi da 1,024, saboda haka faifan da aka rubuta wa 500 yakan bayyana a matsayin 465.

Maganar mai gyaran tana da gaskiya ta fuska ɗaya, domin idan aka yi wa C fomatin shi kaɗai, abin da ke cikin D ba ya taɓuwa. Sai dai ya kamata ka san cewa C da D faifai ɗaya ne, kamar ɗakuna biyu ne a ƙarƙashin rufi guda, ranar da rufin ya rufta babu wanda zai tsira. Idan faifan ya mutu, ko kwamfutar ta faɗi ƙasa, ko mai gyaran ya kuskure ya goge sashen da bai kamata ba a lokacin da yake saka Windows, takardunka sun tafi ke nan. Don haka kafin kowa ya taɓa na'urar, ka kwafi abin da ba ka son rasawa zuwa faifan waje ko filash, ka kuma buɗe wasu daga cikin fayilolin ka tabbatar sun kwafu lafiya.

A ganina ma ba a kai ga fomatin ba tukuna, kuma masu gyara da yawa suna saurin ambatonsa ne saboda shi ya fi sauƙi a gare su. Abin da ya fi cika C shi ne kayan mai kwamfutar da kansa, domin foldojin Desktop da Downloads da Documents da Videos duk a cikin C suke zaune. Ka danna kowace da maɓallin dama na linzami, ka shiga Properties, sannan Location, ka mayar da mazauninta D, Windows za ta kwashe kayan da kanta, kuma duk abin da ka sauke nan gaba can zai riƙa tafiya. Bayan haka ka buɗe Disk Cleanup ka zaɓi share fayilolin tsarin, inda za ka tarar da ragowar sabunte-sabunte, wani lokaci har da foldar Windows.old, wadda ita kaɗai takan cinye gigabait masu yawa. Sababbin manhajoji kuwa, akasarinsu suna tambaya inda za a ajiye su a lokacin sakawa, sai ka nuna musu D. Kada ka ɗauki foldar tsohuwar manhaja daga Program Files ka jefa ta D da hannu, domin Windows ta riga ta rubuta adireshinta a rajistarta, idan ta nema ba ta samu ba manhajar ba za ta buɗu ba. Cire ta za ka yi, ka sake saka ta.

Idan duk da haka wurin bai isa ba, ana iya faɗaɗa C, amma da sharaɗi. Disk Management, wato manhajar Windows mai kula da sassan faifai, ba ya ƙara wa sashe girma sai da filin da ke manne da shi ta dama. Idan ka rage D, filin da aka samu yana faɗawa ne bayan D, shi ya sa mutane suke ganin maɓallin faɗaɗa sashe, wato Extend Volume, ya ƙi dannuwa. Hanyar ita ce a kwashe kayan D zuwa waje, a goge shi, a ƙara wa C abin da ake so, sannan a sake gina D da ragowar. Akwai manhajoji irin su GParted da suke matsar da sashe ba tare da gogewa ba, sai dai aikin yana ɗaukar lokaci, kuma idan aka ɗauke wuta yana tsaka alhali batirin kwamfutar ya mutu, kamar yadda ake yawan samu a kwamfutocin da aka riga aka yi amfani da su, ana iya rasa sassan biyu gaba ɗaya.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a Gusau. Na so saka Windows 11 daga filash, sai aka ce ba za ta hau faifan ba saboda tsarinsa MBR ne. Mene ne mafita?

AMSA: Malama, tsari biyu ake bi wajen raba faifai. MBR shi ne tsohon, ba ya wuce terabait 2 da manyan sassa huɗu. GPT shi ne sabon, kuma shi ke tafiya da UEFI, sabon tsarin da ke tayar da kwamfuta idan aka kunna ta, wanda Windows 11 take buƙata tun fitowarta a watan Oktoba na 2021. Idan akwai Windows 10 a kan na'urar, umarnin mbr2gpt yana sauya tsarin ba tare da goge kaya ba, sannan a shiga saitin farko na kwamfutar a mayar da ita UEFI. Amma ki fara bincika ko tana da guntun tsaro na TPM 2.0, da ƙwaƙwalwar RAM mai gigabait 4, da faifai mai aƙalla gigabait 64, da kuma firosesan da Microsoft ta amince da shi, don kada ki sha wahalar banza. Neman sauyin kuwa daidai ne, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025.

TAMBAYA: Filash ɗina gigabait 32 ne kuma babu komai a ciki, amma ya ƙi karɓar bidiyon biki mai gigabait 6. Ko na jabu ne? Daga mai ɗaukar hoto a Maraɗi.

AMSA: Da wuya ya zama na jabu, Malam. Mafi yawan filash masu wannan girma suna zuwa da tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai gigabait 4, komai yawan wurin da ya rage. Ka yi masa fomatin zuwa exFAT, wanda Windows da Mac duk suke karantawa su kuma rubuta a kai. Ka dai lura cewa wasu tsofaffin talabijin da rediyon mota FAT32 kawai suke ganewa, saboda haka idan a talabijin masu bikin za su kalla, gara ka raba bidiyon kashi biyu ka bar filash ɗin yadda yake.