Kuɗin Washinton a hannun hukumomin jiha: wa ke da hurumin tambaya?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne, ina karanta harkokin mulki. Na ji cewa a wasu jihohin Amurka 'yan majalisa na son a tilasta wa jami'o'i da hukumomin jiha su riƙa bayyana musu duk kuɗin da suka karɓa daga gwamnatin tarayya. Abin da ya ɗaure min kai shi ne, kuɗin nan ba na jiha ba ne, kuma mai bayarwa yana da masu bincikensa. To mene ne na majalisar jiha a ciki? Ba shisshigi ba ne?

AMSA: Ƙanena, ba kai kaɗai abin ya ɗaure wa kai ba, har alƙalai sun rabu a kansa. A 1972 kotun ƙolin jihar Kolorado ta yanke cewa kuɗin da Washinton ta aiko ajiya ne a hannun ɓangaren zartarwa, majalisa ba ta da ikon kasafta shi. A 1978 kuma kotun ƙolin Pensilbaniya ta ce muddin kuɗi ya shiga baitulmalin jiha, sai majalisa ta amince kafin a kashe. Gwamna Milton Shapp ne ya kai wannan ƙarar, kuma ya sha kaye. Ni dai ina bayan Pensilbaniya, bari in gaya maka dalili.

Kuɗin tarayya ba kasafai yake zuwa shi kaɗai ba, yakan zo ne da sharaɗin jiha ta ɗora nata. Ɗauki Medicaid, shirin kula da lafiyar masu ƙaramin ƙarfi. Washinton na biyan aƙalla rabin kuɗin, a jihohi matalauta kamar Misisipi ma fiye da kashi 70 cikin 100, ragowar kuwa daga harajin mutanen jiha yake fitowa. Da aka faɗaɗa shirin a zamanin Obama, tarayya ta ɗauki nauyin sababbin shiga gaba ɗaya daga 2014 zuwa 2016, sannan ta riƙa ragewa har ta tsaya a kashi 90 a 2020. Wannan kashi 10 da ya rage, wa zai biya? Ka ga ke nan duk ranar da shugaban wata hukuma ya sa hannu ya karɓi tallafi, ya ɗaure kasafin jiha na baɗi da na baɗin baɗaɗa, alhali ba shi aka zaɓa ya yi kasafi ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sai dai a nan wani ne ya ci ladan, majalisa aka miƙa wa askar.

Sharaɗin ma yakan wuce maganar kuɗi. A 1984 majalisar tarayya ta ce duk jihar da ta bar ɗan ƙasa da shekara 21 ya sayi barasa za a zaftare mata wani ɓangare na kuɗin hanyoyi. Dakota ta Kudu ta kai ƙara, Kotun Ƙolin Amurka ta bai wa tarayya gaskiya a 1987, kuma a ƙarshe duk jihohin suka bi.

Sai ranar da famfon zai ƙafe. A 2021, lokacin annobar korona, an ware wa jihohi da ƙananan hukumomi dala biliyan 350, da sharaɗin a ƙayyade inda za ta tafi kafin ƙarshen 2024, a gama kashewa kafin ƙarshen 2026. Hukumar da ta ɗauki ma'aikata na dindindin da wannan kuɗin, ƙofar majalisar jiha za ta zo ta ƙwanƙwasa. Shi ya sa dokar da jihar Yuta ta yi a 2011 take burge ni: hukumomi su kawo rahoton abin da suka karɓa daga tarayya, su kuma rubuta yadda za su yi in an rage kashi 5, da yadda za su yi in an rage kashi 25. Na taɓa aikin akanta a wata hukuma, kuma na san irin shirun da ke sauka a ɗakin taro idan aka ce wa darakta ya lissafo abin da zai rufe.

Yanzu maganarka ta cewa mai bayarwa yana da masu bincike. Gaskiya ne. Tun 1984 akwai dokar da ta wajabta binciken shekara-shekara a kan masu kashe kuɗin tarayya da yawa. Ma'aunin ya daɗe a dala 750,000, aka ɗaga shi zuwa miliyan 1 daga Oktoban 2024. A 2006 kuma aka yi dokar bayyana tallafi, wadda Sanata Tom Coburn da Obama, lokacin yana sanata, suka jagoranta, ita ta haifar da shafin USAspending.gov inda kowa zai iya duba wa aka bai wa nawa. Amma mai bincike bayan an kashe yake zuwa, kuma samfuri yake ɗauka, ba kowace takarda yake buɗewa ba.

Dubi abin da ya faru a Misisipi. Kuɗin TANF na tallafa wa iyalai matalauta, wanda tarayya ke bai wa jihohi dunƙule su sarrafa, hukumar walwalar jihar ta yi shekaru tana zuba shi cikin wasu ƙungiyoyi masu zaman kansu. Da asiri ya tonu, bincike ya gano kimanin dala miliyan 77 da aka kashe ba bisa ƙa'ida ba, ciki har da miliyan 5 da suka tafi ginin filin wasan ƙwallon raga a wata jami'ar jihar. Tsohon shugaban hukumar, John Davis, ya amsa laifinsa a 2022. Wanda ya fasa ƙwan a 2020 kuwa shi ne babban mai binciken kuɗin jihar, Shad White. Na gida ne ya gani, ba na Washinton ba, kuma da a ce wani kwamitin majalisa yana karɓar jerin sunayen waɗanda kuɗin ke faɗawa hannunsu kowace shekara, ina jin da wuya a kai miliyan 77.

Duk da haka akwai inda nake tare da kai. Bayyanawa daban, neman izini daban. Babbar jami'a na karɓar ɗaruruwan tallafin bincike a shekara, majalisar Tekzas kuwa sau ɗaya take zama a shekara biyu, na kwana 140. In aka ce sai ta amince da kowane tallafi, kafin ta zauna wa'adin neman ya wuce. Ga kuma ɗan siyasar da zai fake da sa ido ya murƙushe binciken da bai yi masa daɗi ba. Don haka ni abin da zan goyi baya shi ne a bayyana komai, kowace dala da sharaɗinta da ranar ƙarewarta, amma neman izini tun kafin a karɓa a taƙaita shi ga manyan tallafin da ke buƙatar jiha ta ɗora nata ko ta ɗauki sababbin ma'aikata.

Tunda ɗalibi ne kai, ga aikin gida: zaɓi hukuma ɗaya a jiha ɗaya, ka duba abin da USAspending.gov ya ce ta samu a shekara guda, sannan ka nemi wannan adadin a cikin kasafin da majalisar jihar ta zartar. Ka rubuto min abin da ka gano, za mu buga a wannan shafin.